Filin Shawarwari: Kyamara Biyu Masu Kama Ɗaya, Wacce Zan Ɗauka?



Malam, ina rubuto wannan takarda daga Suleja domin neman shawara a kan al'amarin da ya hana ni barci tun faɗuwar damina. Ni ɗan kasuwa ne, rumfata tana Kasuwar IBB, amma siton da nake ajiye shinkafa da sukari da man gyaɗa yana cikin fulotin gidana a Kwamba, kuma sau biyu ke nan cikin wata uku ɓarayi suna haurowa da tsakar dare, ana ruwa an kuma ɗauke wuta, su fasa kwaɗo, su buɗe get ta ciki, su fice da buhuna. A karo na biyu maƙwabcina, wanda yake da kyamara a ƙofar gidansa, ya buɗe mana hoton daren, muka ga wucewar mutum biyu, amma fuskokinsu fari fat kamar an shafe su da farar ƙasa, har ɗan sandan da ya zo ya ce da wannan hoto ba a iya kama kowa.

Saboda haka na yanke shawarar sa kyamarori huɗu, na kuwa kira masu haɗawa biyu. Kowannensu ya kawo mini samfur, dukansu farare, girmansu ɗaya, da waya suke aiki, bambancin kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ta farko an rubuta mata megafiksel 4 da IP67, mai ita ya ce farantin da ke karɓar haske a cikinta babba ne, 1/1.8, ana kuma samunta da gilashi mai milimita 2.8 ko 4 ko 6. Ta biyu megafiksel 8 ce da IP66, farantinta 1/2.8, gilashinta milimita 2.8, mai ita kuwa ya ce takwas ta ninka huɗu, ba sai an yi dogon lissafi ba. Ɗana babba ya ce in bar su duka in sayi mai sola da layin waya, wadda ake kallo ta wayar hannu. Daga bangon siton zuwa get mita goma ne, ta gabas kuma katangata ta haɗu da gidan wani dattijo mai iyali. Malam, wacce zan ɗauka, don kada in zuba dukiya in ƙare da irin hoton maƙwabcina?

Naka mai neman shawara,
Wani ɗan kasuwa, Kwamba, Suleja.

Amsa

 Allah ya mayar maka da mafificin abin da ka rasa, ya kuma sa wannan asara ta zama kaffara. Ka yi daidai da ka tashi neman sababi, domin tsare dukiya yana cikin manyan maƙasudan shari'a, kuma sanannen abu ne cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Ubangijinsa.

Abin da nake so ka fara ƙudurtawa a zuciyarka, kafin ka sake duban kwalin ko ɗaya daga cikinsu, shi ne cewa kyamara shaida ce, aikinta ta gani, ta riƙe, ta bayar da bayani ranar da aka neme ta. Tun da kuwa haka ne, ya kamata ka zaɓe ta kamar yadda alƙali mai tsoron Allah yake tantance shaida, wanda ba ya duban kyan rigarsa ko yawan maganarsa, sai ya tambaya: ya gani da idonsa sosai, yana wurin sa'ad da abin ya auku, ya kiyaye abin da ya gani, kuma amintacce ne? A kan waɗannan sharuɗɗa huɗu zan auna maka su.

Sharaɗi na farko gani ne, a nan kuma maganar takwas ta ninka huɗu take rushewa. Hoto ɗigo-ɗigo ne aka jera: mai megafiksel 4 tana da ɗigo 2560 daga hagu zuwa dama, mai 8 kuwa 3840. Ma'abota wannan fanni sun daɗe suna bin wata ƙa'ida da ta ce, in ana so a shaida fuskar wanda ba a sani ba, ana bukatar ɗigo 250 a kan kowace mita ta faɗin wurin da ake kallo, in kuwa wanda aka riga aka sani ne za a gane, 125 sun wadatar. To, gilashi mai milimita 2.8 buɗe ido yake yi ƙwarai, har a nisan mita goma ya kan haɗa faɗin da ya haura mita ashirin da biyar, sai ɗigon nan 3840 su watsu, mita guda ta samu wajen 150 kawai. Alhali mai megafiksel 4, in aka sa mata gilashin milimita 6, abin da za ta kalla a wannan nisa bai wuce faɗin mita goma da ɗoriya ba, sai mita guda ta samu kusan 250 ɗin da ake nema. Ka ga ke nan a bakin get ɗinka ƙaramar lamba ta fi babba gani.

Wannan duk da rana ne, ɓarayinka kuwa da dare suke zuwa. Lambar farantin nan ƙididdigar kaso ce, don haka 1/1.8 ya fi 1/2.8 girma nesa ba kusa ba, kuma idan aka raba babban faranti gida miliyan huɗu, aka raba ƙarami gida miliyan takwas, kowa ya san wanda gidajensa za su fi samun haske. Wadda haske ya yi wa ƙaranci kuwa dole ta jinkirta ƙiftawarta don ta tara shi, sai mai tafiya ya fito kamar hayaƙi, ko da yake katanga da ƙyaure sun fito tar. Amma farar fuskar da kuka gani a hoton maƙwabcinka, sababinta fitilar kyamarar ce, mai hasken da idon ɗan Adam ba ya gani, wadda idan ta yi ƙarfi kuma mutum ya matso kusa sai ta wanke kamanninsa. Maganinta a samu wadda take rage ƙarfin fitilar da kanta, a kuma sa ƙwan lantarki dabam a gefen get, ɗan nesa da kyamarar, domin ƙwarin damina su taru a can, gizo-gizo ma ya bi su can da saƙarsa.

Game da wurin kafawa, ka yi koyi da magabatan garinku. Lokacin da Sarki Abu Ja ya kafa wannan gari a 1828, aka kewaye shi da ganuwa, hikimar ita ce a tilasta wa mai shiga da mai fita bin ƙofa, inda ido zai faɗa kansa. Ɓarawo yana iya haurowa ta ko'ina, amma buhun shinkafa ta get yake fita, don haka mafi kyawun kyamararka get za ta fuskanta, a tsayin mita biyu da rabi zuwa uku. In an kai ta ƙololuwar bango don gudun hannun ɓarawo, hula da tsakiyar kai kawai za ta riƙa ɗauko maka.

Sharaɗi na biyu halarta ne, domin shaidar da ba ta nan lokacin da abu ya faru ba ta da abin faɗa, kai da kanka kuma ka ce ana ruwa an ɗauke wuta suke zuwa. Kyamara irin wannan ba ta cika wuce wat bakwai ba, huɗu tare da akwatin naɗa za su ci wajen wat 50, wato wat-awa 600 a cikin awa goma sha biyu. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wajen 1200, kuma tun da batir na ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, shi ne mafi ƙarancin abin da zai kai ka asuba. Ka ware musu batir da inbata nasu, kada a haɗa da firji ko fanka. Shawarar ɗanka tana da fuska, kuma mai sola tana da amfani a gona ko fulotin da babu wuta. Sai dai da yawa daga cikinsu barci suke yi don tattalin batir, sai motsi ya tashe su, kafin su farka mutum ya ba da baya, ga kuma katin ajiyarsu a jikinsu yake, wanda ya cire kyamarar ya tafi da shaidar gaba ɗaya.

IP66 da IP67 kuwa kada su ɗauke maka hankali. Shida ta farko tana nufin ƙura ba ta shiga, wanda shi ne abin bukata a hazon hunturu. Shida ta biyu tana nufin jure feshin ruwa mai ƙarfi, bakwai kuma jure nitsewa cikin ruwa mai zurfin mita guda na rabin awa, kowacce ta isa bango. Mutanen Suleja ba sa bukatar a ba su labarin ƙarfin ruwansu, tun da a daren 24 ga Afrilu 2024 ruwa da iska suka rushe katangar gidan gyaran hali na garin har fursunoni fiye da ɗari suka fice. Amma abin da ruwa ya fi kashewa a wannan aiki shi ne mahaɗin waya da aka bari a fili an naɗe da salatif. Ka sa a rufe kowane mahaɗi cikin akwatinsa, a bi da waya ta bututu, ta zama ta jan ƙarfe zalla, kada tsawonta ya wuce mita 100, a kuma sa abin kariya daga tsawa.

Sharaɗi na uku shi ne abin da malaman hadisi suke kira dabɗi, wato kiyaye abin da aka ɗauka ba tare da ɓata ba. Kyamarar da ke aiko megabit huɗu a daƙiƙa tana cin gigabait 43 a yini, huɗu su ci wajen 170, faifan ajiya mai terabait biyu ya cika cikin kwana goma sha ɗaya ya fara shafe na baya. Mai megafiksel 8 kuwa ta fi haka ci, sai kwanakin su ragu. Ka nemi wadda aka rubuta mata H.265, domin tana matse hoto fiye da tsohon tsari, ka tabbata kullum agogon akwatin daidai yake, saboda hoton da kwanan watansa ya saɓa hujja ce mai rauni gaban hukuma. Akwatin kuma a ɓoye shi cikin gida, nesa da siton.

Sharaɗi na huɗu amana ce, ita ce kuma aka fi sakaci da ita. A 2016 wata manhajar ɓarna mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori a duniya, da yawansu kyamarori ne da akwatunan naɗa, ta hanyar gwada kalmomin sirrin da masana'anta suka sa, waɗanda masu su ba su taɓa sauyawa ba. Saboda haka ranar da aka gama aiki ka sauya kalmar sirri da hannunka, asusun kallo ta waya ya kasance da sunanka da lambarka, kada ya zauna a hannun mai haɗawa, komai kirkinsa, domin wanda ya riƙe wannan mabuɗi yana ganin shigarka da fitarka da ta iyalinka. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar kowace kyamara da takardar garanti, gama jabu ta yi yawa, kwali kuma ba ya ƙin rubutu.

Saura maganar katangar gabas, wadda a wurina ta fi duk waɗannan nauyi. Allah Maɗaukaki ya haramta tajassusi a aya ta 12 ta Suratul Hujurati, ya kuma wajabta neman izini kafin shiga gidajen mutane a Suratun Nur, idon da aka kafa bisa katanga yana kallon tsakar gidan wani dare da rana kuwa shiga ne ba da sallama ba. Ka je da kanka wurin dattijon nan kafin a huda bango, ka gaya masa niyyarka, bayan an kafa ka kira shi ya dubi allon da idonsa. A karkatar da kyamarar ta bi tsawon katangarka, in wani yanki na gidansa ya shigo, a rufe shi da baƙin tabon da ake iya sawa a cikin saitinta. Da haka za ka sami maƙwabci mai taya ka tsaro, wanda kunnensa ya kan ji abin da kyamara ba ta gani.

Hukuncina dai shi ne ka ɗauki ta farko: mai gilashin milimita 6 ta fuskanci get, mai 4 ta tsare ƙofar sito, biyu masu 2.8 su ɗauki tsakar fuloti da bayan gida. Amma kamar yadda alƙali ba ya karɓar shaida sai an yi mata tazkiyya, kada ka biya sai ka jarraba: ka sa masu haɗawan su kawo samfuransu bayan sallar isha'i, a riƙe su a inda za a kafa su, a kashe wutar gidan, wani yaro da ba na gidanka ba ya sa hula ya shigo ta get da sauri, sannan a tsayar da hoton da aka naɗa, ka nuna wa wanda bai ga shigowarsa ba. Wadda aka iya siffanta yaron da hotonta, ita ce taka, ko da ta saɓa wa abin da na faɗa. Bayan haka ka gyara kwaɗunanka, ka riƙe maigadi ka biya shi haƙƙinsa kan kari, ka fitar da zakkar dukiyarka, ka kwanta da addu'a. Allah ya tsare ka da iyalinka da abin da ya ba ka, ya shiryi masu wannan ɗabi'a, amin.