Tambaya da Amsa: A Madani baƙo, a Kano baƙo

TAMBAYA: Ni haifaffen Wad Madani ne a Sudan. Kakana ya baro Haɗeja da ƙafa da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a Jazira, ya zauna har Allah ya yi masa rasuwa. Yaƙi ya koro mu Kano a ƙarshen 2023. A can Fallata ake ce mana. A nan kuma da na buɗe baki sai a yi dariyar Hausata, a ce ga ɗan Sudan. Mahaifina ya ce mun dawo gida ke nan, ni kuwa hankalina yana Madani. Ni ɗan ina ne?
Daga wani matashi a Kano

AMSA: Allah ya jiƙan kakanka, ya kawo ƙarshen wannan fitina.

Hanyar da kakanka ya bi tsohuwa ce. Ayarin alhazai ya daɗe yana ratsa Barno da Abeche da Darfur ya nufi gaɓar Bahar Maliya, ana tafe ana tsayawa neman guzuri, wani ya shekara, wani ya yi aure ya kafa gida. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Maiurno kusa da Sinnar. Da aka buɗe noman rani na Jazira a 1925, hannayen mutanenmu na cikin waɗanda suka yi cirar audugar da Sudan ta daɗe tana tinƙaho da ita. Agashen da ake layin saye a Khartoum, naman nan da ake birgima shi a garin ƙuli da yaji, daga wajenmu ya je.

Don haka ba zan ɓoye maka ra'ayina ba: Sudan ƙasarka ce, da gumin kakanka da kabarinsa. Na san akwai masu musun haka, kuma rikicin jihar Blue Nile na 2022 ya nuna cewa musun yana cin rayuka. Amma musunsu bai goge komai ba. Kewar Madani da kake yi halas ce, kada ka ji kunyarta.

Masu yi maka dariya a Kano kuwa, su zagaya cikin birni su dubi sunayen unguwanni: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi. Kakannin mutanen nan da wani harshe suka shigo, yau wa zai ce jikokinsu ba Kanawa ba ne?

Inda na fi so ka natsu shi ne batun mahaifinka. Dattijon da ya tashi yana jin sunan Haɗeja a bakin ubansa, sannan ya bar gidan da ya gina da tufafin jikinsa kawai, idan ya ce "mun dawo gida" zuciyarsa yake rarrashi. Kada ka yi jayayya da shi. Ka zauna kusa da shi bayan sallar isha, ka tambaye shi sunan unguwar kakanka da sana'arsa da sunayen 'yan'uwan da ya bari, ka ɗauki muryarsa a waya. Sannan ka roƙe shi ku je Haɗeja tare, ku fara da gidan mai unguwa. Zumunta a ƙafa take. Ranar da hanya ta yi kyau kuma, ka nemi albarkarsa kafin ka koma Madani.

In kun dawo daga Haɗeja, ka rubuto mana abin da kuka tarar.