Mai kansar jini da azumi a zafin N'Djamena

Da zarar Sha'aban ya raba, tambaya ɗaya ce ke yawaita a bakin masu kansar jini da danginsu a asibitocin N'Djamena: a ɗauki azumi ko a bari? Daga unguwa irin Paris-Congo, inda masallaci da coci ke maƙwabtaka, tambayar kan zo ta fuska biyu, domin Kirista ma suna da azuminsu na kwana 40 kafin Ista, wasu majami'u kuma kan kira azumin ba ci ba sha don roƙon waraka. Matsayina, a matsayin ma'aikacin lafiya, shi ne wanda ke tsakiyar karɓar magani kada ya ɗauka. Wanda cutarsa ta lafa kuwa, gwajin jininsa da na ƙodarsa ne za su yanke hukunci, ko da yana jin ƙarfi garau da asuba. Jama'a sun fi jin tsoron yunwa a kan mara lafiya, mu kuwa ƙishirwa ce ke hana mu barci.

Kansar jini ba ƙari ba ne da ke zaune wuri guda a yanke a cire. Tana cikin ɓargo da jini da kaluluwa, shi ya sa idan aka fara maganin kemo ƙwayoyinta kan mutu da yawan gaske cikin 'yan kwanaki, su zubar da abin da ke cikinsu, yurik asid da potasiyam da fosfet, a cikin jini. Ƙoda ce ke tace wannan datti, kuma da ruwa take aiki. Idan ruwa ya yi ƙaranci sai yurik asid ya daskare a ƙananan hanyoyinta, fitsari ya ragu, potasiyam ya hau har ya rikita bugun zuciya. Wannan haɗari ya fi yawa a limfomar Burkitt, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙi ko cikin yara a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi kaka-gida. Mai miyeloma, wani nau'in kansar jinin, shi ma ƙodarsa na cikin barazana tun kafin magani, saboda furotin ɗin da cutar ke kwarara cikin jini yana toshe ta, har akan umarce shi ya sha lita biyu zuwa uku kullum idan ba a hana shi ba. Maganin cyclophosphamide kan ƙona mafitsara idan bai samu ruwan da zai kore shi ba. Yanzu a haɗa wannan da yinin sama da awa 13 babu ko kurɓi, a garin da zafi ke wuce digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, kamar yadda azumin 2024 ya faɗo a tsakiyarsa. Ciwon kai ya taso da la'asar, bayan shan ruwa a aika yaro wurin dokta cuku, mai tallar magani a titi, ya sayo diclofenac, wanda shi kansa yana cutar da ƙoda. Wankin ƙoda kuma kowa ya san wahalarsa da tsadarsa a ƙasar nan.

Akwai kuma lokacin shan magani, kuma a nan ne ake samun sassauci. Mai lukemiya mai tafiyar hawainiya da ke shan imatinib sau ɗaya a rana, tare da abinci da babban kofin ruwa, idan jininsa ya daidaita tsawon watanni kuma ƙodarsa lafiya, likitansa na iya mayar masa da ƙwayar lokacin buɗa baki ya yi azuminsa. Mai shan nilotinib ba shi da wannan sauƙi: sau biyu ake sha, awa 12 tsakani, cikin da babu abinci awa biyu kafin da awa ɗaya bayan sha, kuma daren azumi ba ya ɗaukar wannan lissafi. Prednisolone da dexamethasone kan tayar da sukarin jini, don haka kunun da aka cika wa sukari da lemon kwalba a buɗa baki na iya zama matsala.

Masu ja da maganar barin azumi suna da hujja biyu, kuma ta farko tana yawo a WhatsApp kowace shekara: wai kimiyya ta tabbatar azumi na kashe kansa, wani Bajapane ma ya ci kyautar Nobel a kai. Gaskiya ne Yoshinori Ohsumi ya samu kyautar a 2016, amma a kan yadda ƙwayar halitta ke narkar da tarkacen cikinta, kuma a jikin yis ya yi aikinsa, bai yi wa wani mai kansa magani ba. Gaskiya ne kuma a ƙarshen shekarar masu bincike a Texas ta Amurka sun nuna hana abinci ya dakatar da wani nau'in lukemiya a jikin ɓeraye. Abin da ba a turowa shi ne wannan binciken bai ga wani tasiri a kan wani nau'in lukemiyar da aka gwada ba, kuma ɓerayen abinci aka hana su, ruwa na gabansu. Zancen a daina tuwo da shinkafa don sukari na ciyar da kansa shi ma bai tsaya da ƙafarsa ba, domin idan ba a ci ba jiki zai narkar da tsokar mutum, hanta ta haɗa sukarin. Mai jinya ne ke ramewa, ramammen jiki kuma shi ake ɗage wa kemo.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, don daga imani ta fito. Sai dai Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya yi wa mara lafiya rangwamen ramawa daga baya, malaman Malikiyya, mazhabar mafi yawan Musulmin Chadi, sun ce idan ana tsoron halaka ko cuta mai tsanani ajiye azumin wajibi ne, wanda ba a sa ran zai iya ramawa kuma akwai hanyar ciyarwa da malami zai fayyace masa. Cocin Katolika ma ta ɗauke wa marasa lafiya. A ganina abin da ya fi tura mutane shi ne kunya: magidanci ba ya son 'ya'yansa su gan shi da kofi tsakar rana, mace kuma tana gudun bakin dangin miji. Wannan aikin mutanen gida ne su sauke masa, su miƙa masa ruwan da hannunsu. A kuma daina tsallake ranar asibiti, ɗibar jini kaɗan don gwaji ba ta karya azumi.

Canjin abincin da ake buƙata ya fi karkata ga tsabta da ƙari fiye da hani. Kwana bakwai zuwa 14 bayan kemo fararen ƙwayoyin jini kan faɗi ƙasa warwas, abin da lafiyayye zai ci ya kwana lafiya sai ya kwantar da mai jinya. A wannan tsakani a bar nonon da ba a tafasa ba, da ɗanyen latas, da tsiren da ya yini a kan tire, da zoɓon leda da ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba. A ba shi tuwo da miya mai zafi daga tukunya, kifin Shari da ya dahu sosai, dafaffen ƙwai, wake, kunun gyaɗa, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida idan baki ya yi gyambo ko tashin zuciya ya hana. Dihe na Kanem abinci ne mai furotin, a dafa shi a miya, amma ba ya maye gurbin ko ƙwaya ɗaya. Jiƙo da sassaƙe a nuna wa likita kafin a sha. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 kuwa, ko da tsakar dare ne, kada a ce maleriya ce a jira gari ya waye, a kama hanyar asibitin da ke kula da shi da katinsa a hannu.