Amsar Tambaya: Kunnena Yana Ƙugi Bayan Aiki

Tambaya: Malam, ina kula da injin ban ruwa a bakin kogi, kusa da Mai Wurno. In na koma gida sai kunnena ya yi ta ƙugi har dare. Auduga nake cusawa. Ta wadatar?

Amsa: Ɗana, ba ta wadatar ba. Auduga, ko ta Jazira ce, kaɗan take tare ƙara. Wannan ƙugin gargaɗi ne. Can cikin kunne akwai 'yan siraran gashi masu ɗaukar sauti, kuma in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Abin da ke damuna ke nan, don kurumtar a hankali take zuwa, ba zafi.

Masana sun sa iyakar ƙara a desibel 85 na awa 8. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke dab da kai ya ji ka, to ka kai iyakar ko ka wuce.

Nemi matoshin kunne na soso a kantin magani a Sinnar ko Wad Madani. Ka murza shi ya sirance, ka ja kunnen sama, ka tura, ka riƙe har ya kumbura. Ka gyara salansar injin, ka kuma kai shimfiɗarka inuwa mai nisa. Kada ka ɗiga mai a kunnen. In ƙugin ya ƙi tafiya, je ka ga likitan kunne.