Zaunar da Baƙi a Bikin Afan

Kowace ranar 1 ga Janairu, garin Kagoro a ƙaramar hukumar Kaura kan cika maƙil domin bikin Afan. Sarakunan Kudancin Kaduna da jami'an gwamnati da shugabannin addini kan hallara a gaban fadar Agwam Agworok, wato sarkin Kagoro, ga mafarauta, ga masu rawa. A irin wannan rana, aikin masu zaunar da baƙi ba ƙarami ba ne.

Mai wannan aiki ya iso tun da sanyin safiya, ya zagaya rumfuna da jerin sunaye a hannu. Ya tabbata an manna kowace takardar suna sosai a jikin kujerarta, domin iskar hunturu ba ta barin abin da aka ajiye kawai.

Idan basarake ya iso, ba a miƙa masa hannu. Sai a rusuna, a ɗan yi gaba, a nuna hanya. Dogarai da 'yan rakiya kuwa a tanadar musu wuri a bayan ubangidansu, in ba haka ba sai su mamaye sahun gaba.

Wanda ya zauna a wurin wani, a nemo masa wata kujerar tukuna, sannan a raɗa masa a kunne cikin ladabi.