Darasin Lafiya: Ƙiba da Ciwon Sukari

Iyayenmu mata, mun saba ɗaukar ƙiba alamar hutu. Amma kitsen ciki yakan hana jiki amfani da sukari, sai ya taru cikin jini.

Wani binciken Amurka na 2002 ya nuna cewa masu dab da kamuwa da ciwon, da aka sa su rage nauyi da yin tafiyar minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Minti 30 ke nan, kwana biyar.

Mu rage malmalar tuwo, mu ƙara zogale, mu daina zuba sukari a kunu. Ba yunwa muke nufi ba. Mai shan magani ko allurar insulin kada ta tsallake abinci, gama sukarinta zai iya faɗuwa har ta suma.