Amsoshin Tambayoyinku: Wane Ne Wild Bill Hickok?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya ce yana ganin Wild Bill Hickok a finafinan kaboyi, shin mutum ne na gaske?

To malam, mutum ne na gaske. Sunansa na yanka James Butler Hickok, an haife shi a jihar Illinois ta Amurka a 1837. Lokacin yaƙin basasar ƙasar, 1861 zuwa 1865, ya yi wa rundunar Arewa aiki, da farko yana kula da amalanken dakon kaya, daga baya ya zama ɗan leƙen asiri.

A 1871 aka ɗora masa tsaron garin Abilene a jihar Kansas, inda makiyaya daga Texas ke kawo shanu a loda su a jirgin ƙasa. Kuɗi a aljihu, giya a kai, bindiga a ƙugu. Wani dare a watan Oktoba ya harbe Phil Coe, mai gidan giya. Sai ya hango wani ya taho a guje, ya sake harbi. Ashe abokin aikinsa ne, Mike Williams, ya zo kawo masa ɗauki. Wannan wurin shi ya fi taɓa ni a labarinsa. Wata biyu bayan haka aka sallame shi, bai sake riƙe aikin doka ba.

Ranar 2 ga Agusta, 1876, yana karta a garin Deadwood, ya ba ƙofa baya, wani mai suna Jack McCall ya harbe shi a ƙeya. Shekarunsa 39.