Darasi Ga Mawaƙan Ikilisiya: Yadda Ake Ɗora Murya Bisa Murya

Wannan darasi domin masu koyar da waƙa ne, musamman a ƙauyuka irin su Kademi da sauran yankin Gaya da Ajingi, inda murya da ganga su ne kayan aikinmu. A shekara ta 1963 Majalisar Vatican ta Biyu, cikin takardarta a kan sujada, ta umarta a girmama kiɗa da waƙar kowace al'umma, a ba su wuri cikin ibada. Waƙar Bahaushe kuwa ta kira da amshi ce, kowa bisa murya ɗaya. Jera muryoyi huɗu, wato sofarano, alto, tena da bes, daga Turai ya zo mana, tare da do-re-mi da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19.

Sautuka uku da suka dace da juna, kamar do, mi, so, su ne ginshiƙin aikin. Haka fa, la, do, da kuma so, ti, re. Da waɗannan uku ana iya raka yawancin waƙoƙin Hadaya Mai Tsarki. Amma kada mu raba almajirai kashi huɗu tun ranar farko. Bari kowa, namiji da mace, ya haddace ainihin waƙar tukuna. Sa'an nan a shigo da bes, ya riƙe gindin sautin, do ko fa ko so. Bayan kunne ya saba, alto ta bi ƙarƙashin sofarano. Tena shi ne na ƙarshe, domin shi ne ya fi saurin ɓata hanya.

A nan ne hatsarin yake. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kalmar "kuka", idan gaɓoɓinta biyu suka tsaya sama, hawaye ne da roƙo. Idan ta biyu ta sauka, itacen da muke miya da ganyensa ne. Littattafan Turai suna koyar da cewa in wata murya ta hau, wata ta sauka, kuma a Latin ko Turanci wannan ba ya ɓata ma'ana. A Hausa yana ɓatawa. Muna iya tsayawa gaban bagade muna nufin kai kukanmu ga Ubangiji, alhali rabin mawaƙa suna ambaton itace. Saboda haka a kan kalmomi masu nauyi, bari dukan muryoyi su hau tare, su sauka tare. In ba zai yiwu ba, ƙananan muryoyi su ja sauti ɗaya ba tare da furta kalma ba, su bar sofarano da jama'a su faɗe ta.

Ɗaukar murya tana taimako ƙwarai. A 1979 kamfanin Tascam ya fito da na'urar kaset mai layi huɗu. Yau wayar hannu tana yin wannan aiki. A fara ɗaukar ganga da ainihin waƙar. Kowane kashi ya saurara ta abin kunne, ya rera nasa a kai, ɗaya bayan ɗaya. Kafin a kai sabuwar waƙa Misa ranar Lahadi, a kunna wa wata dattijuwa wadda ba ta taɓa jin ta ba, a roƙe ta ta maimaita kalmomin. Duk layin da ta kasa maimaitawa, a koma a gyara shi, a fara da tena.